Darasin Kasuwanci: Matsalar Na'ura Mai Zuwa Tana Komawa, Da Dalilin Da Ya Sa Gwaji Ba Ya Kama Ta

Lalacewar kayan aiki iri biyu ce a wurin ɗan kasuwa. Akwai wadda ke zuwa gaba ɗaya, na'ura ta mutu murus, a ɗauke ta a kai wa mai gyara, a biya kuɗi, a huta. Akwai kuma wadda ke zuwa jefi-jefi, wato na'ura ta yi aiki lafiya lau tun daga safe har azahar, sa'an nan ta yanke ba gaira ba dalili, bayan minti 10 kuma ta dawo kamar ba abin da ya faru. Ta biyun nan ita ce ta fi cin dukiya, domin ba ta fitowa a gaban mai gyara, ba ta kuma fitowa a gaban wanda ya sayar da kayan. Darasin nan ya shafi ɗaya daga cikin fitattun ire-irenta, wato yankewar sadarwa marar waya, wadda aka fi sani da Wi-Fi, a cikin kwamfuta da sauran na'urorin ciniki, tare da bayanin dalilin da ya sa hatta manyan kamfanonin duniya suke kasa gano ta kafin kaya su shigo kasuwa.

Za mu ɗauki garin Paikon Kore da ke cikin Ƙaramar Hukumar Gwagwalada a Babban Birnin Tarayya a matsayin wurin misali. An san garin da gandun kiwo na gwamnati, inda a shekarar 2021 aka buɗe cibiyar tara madara da sanyaya ta tare da haɗin gwiwar kamfanin Nestlé. A irin waɗannan garuruwa na kewayen Abuja, ciniki ya riga ya jingina da sadarwa: mai na'urar POS yana karɓa yana biya, mai shagon buga takardu yana cika wa ɗalibai fom na jarrabawa, mai sayar da magani ko abincin dabbobi yana jiran saƙon banki kafin ya miƙa kaya. Ƙarancin takardun Naira da aka yi a farkon shekarar 2023 ya nuna wa kowa cewa idan sadarwa ta tsaya, kasuwa ma ta tsaya.

Mai karɓar madara yana da sa'a guda wadda mai sayen kwamfuta ba shi da ita. Idan an zuba wa madara ruwa, ma'auni zai nuna da safe, zai nuna da yamma, ko sau nawa aka auna amsa ɗaya ce. Aibin da ke cikin sadarwar kwamfuta kuwa yakan ɓuya sau 99, ya fito a na 100. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin darasin baki ɗaya.

MENE NE DIREBA?

A cikin kowace kwamfuta mai kama Wi-Fi akwai wani ɗan ƙaramin kati mai ɗauke da ƙwayar lantarki, wanda aikinsa shi ne aikawa da karɓar saƙo ta iska kamar rediyo. Kamfanoni ƙalilan ne ke ƙera mafi yawan waɗannan ƙwayoyi, daga cikinsu akwai Intel da Qualcomm da Realtek da MediaTek da Broadcom. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows ko Linux ko Android, ba ta jin yaren kowace ƙwaya kai tsaye. Saboda haka ake rubuta wata ƙaramar manhaja da za ta tsaya a tsakani kamar tafinta, ita ce masu gyara ke kira direba.

Ke nan saƙo guda ɗaya, alal misali umarnin tura kuɗi, sai ya bi ta hannu da yawa kafin ya fita daga shago: babbar manhaja, direba, manhajar da ke cikin ƙwayar kanta, eriya, iska, sa'an nan akwatin rarraba sadarwa da ake kira rauta. Kowanne daga cikinsu wani kamfani ne dabam ya yi shi, a wata shekara dabam. Ƙa'idar da ta haɗa su ita ce wadda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a shekarar 1997 mai lamba 802.11, wadda aka yi ta yi wa ƙari tun daga lokacin. Rauta na bana yana iya magana da katin da ya shekara 10, amma sau da yawa akan sami wani lungu na ƙa'idar da kowannensu ya fahimta ta fuskar da ɗan'uwansa bai fahimta ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mai saye ya sani. Kwamfutoci biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya suna iya ɗaukar katin Wi-Fi na kamfanoni dabam-dabam, domin masu haɗa kwamfuta sukan sayi wanda ya samu a lokacin. A kayan tokumbo kuwa abin ya fi haka, saboda akan sauya kati, akan goge babbar manhaja a zuba wata, akan kuma sa direban da ya zo hannu. Don haka shaidar da maƙwabci ya bayar cewa irin tasa ba ta taɓa ba shi matsala ba, ba hujja ba ce a kan taka.

ABUBUWAN DA KE TA DA MATSALAR

Aibi mai zuwa jefi-jefi ba ya fitowa sai wasu sharuɗɗa sun haɗu a lokaci guda. Ga manya daga cikinsu, kuma mai karatu zai lura cewa kusan dukkansu sun fi yawa a ƙasarmu.

Na farko shi ne sauyin wutar lantarki. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da tsarin tattalin batir. Da zarar an ɗauke wuta ta koma kan batir, babbar manhaja takan umarci katin Wi-Fi ya riƙa ɗan yin barci tsakanin saƙo da saƙo. Idan direba yana da kuskure wajen tayar da katin, sai sadarwa ta ɓace har sai an kashe an kunna. A ƙasar da wuta ba ta yankewa, kwamfutar ofis tana iya shekara ba ta bi ta wannan hanya ba. A shagon da ake sauyawa daga wutar kamfani zuwa janareto sau da yawa a yini, kullum sai ta bi. Bugu da ƙari, shi ma rauta yakan mutu ya sake tashi a kowane sauyi, kuma ba kowane direba ne ke sake haɗuwa da shi cikin tsari ba.

Na biyu shi ne zafi da ƙura. Akasarin rautocin gida da na ƙananan ofisoshi an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyos ba. A watannin Maris da Afrilu, shagon kwano ko na kwantena a yankin Gwagwalada yana iya kaiwa wannan iyaka da rana tsaka. Ƙurar hunturu kuma takan toshe hanyoyin iskar kwamfuta, zafi ya taru a ciki. Na'urar da ke aiki da safe ta riƙa yankewa daga azahar zuwa la'asar, zafi ne abin fara tuhuma.

Na uku shi ne cunkoso a iska. Yawancin na'urorin Wi-Fi masu araha suna aiki ne a zangon gigahaz 2.4, wanda layuka 3 kacal ne a cikinsa ba sa shiga juna, wato na 1 da na 6 da na 11. A wannan zango ne Bluetooth ke aiki, a nan ne kuma murhun ɗumama abinci na maikirowef ke zubar da hayaniyarsa. A shekarar 2012 kamfanin Intel ya fitar da bayani cewa hatta na'urorin da ake sokawa a kafar USB 3.0 suna iya dagula wannan zango. A ranar kasuwa, idan kowane mai shago ya kunna rarraba sadarwa daga wayarsa, iska takan cika maƙil. Zangon gigahaz 5 ya fi sarari, sai dai ba ya ratsa bango sosai.

Na huɗu shi ne sabunta manhaja. Kwamfutocin yau suna sauke gyare-gyare da kansu, wani lokaci da dare, ba tare da mai su ya sani ba. Na'urar da ta yi aiki jiya tana iya wayar gari da sabon direba ko sabuwar babbar manhaja wadda ba ta jitu da tsohon direba ba.

MISALAI DAGA MANYAN KAMFANONI

Kada ɗan kasuwa ya ɗauka cewa wannan matsala ta kayan araha ce kawai. A watan Mayu na shekarar 2019, lokacin da kamfanin Microsoft ya fitar da sabon zubin Windows 10 mai lamba 1903, ya sanar da cewa wasu tsofaffin kwamfutoci masu ɗauke da tsohon direban Qualcomm suna rasa Wi-Fi jefi-jefi. Matakin da ya ɗauka shi ne hana irin waɗannan kwamfutoci karɓar sabon zubin har sai an sauya musu direba.

A watan Disamba na shekarar 2023 kuma, wata sabuntawa ta Windows 11 ta hana kwamfutoci da yawa haɗuwa da Wi-Fi a jami'o'i da manyan ma'aikatu, alhali a gidaje ba a cika ganin matsalar ba. Dalili kuwa shi ne irin waɗancan wurare suna da tsarin tantance mai shiga wanda ya bambanta da na gida. Sai da kamfanin ya janye ɓangaren da ya jawo matsalar. Darasin da ke nan a fili yake: kaya suna iya cin gwaji a wuri ɗaya su faɗi a wani wuri.

Misali mafi girma ya auku ne ranar 19 ga watan Yuli na shekarar 2024, sa'ad da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya aika wa abokan cinikinsa wani ɗan ƙaramin fayil na sabuntawa. Manhajar kamfanin tana aiki ne a can cikin zuciyar Windows a matsayin direba. Fayil ɗin ya sa ta nemi bayani na 21 a jerin da bayanai 20 kawai ke cikinsa, sai kwamfutoci suka riƙa faɗuwa. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 ne abin ya shafa, aka soke dubban tashin jiragen sama, bankuna da asibitoci suka tsaya cik a ƙasashe da dama. Abin lura shi ne kamfanin yana da manhajar da ke tantance irin wannan fayil da kanta kafin a aika, kuma ta duba shi ta ce lafiya yake.

A nan gida ma an ga makamancin haka. A watan Mayu na shekarar 2025, Magatakardan hukumar JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya bayyana cewa wata tangarɗa ta na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 da ke Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka kuma shirya musu sake jarrabawa. Tushen tangarɗar shi ne wani gyaran manhaja da bai zauna daidai a kan wasu daga cikin manyan kwamfutocin ba. Wannan ba batun Wi-Fi ba ne, amma asalin cutar ɗaya ne, wato abin da aka gwada ba shi ne daidai abin da ya yi aiki a ranar ba.

ME YA SA GWAJIN DA NA'URA KE YI DA KANTA YAKE KASAWA?

Manhaja zalla, kamar wadda ke lissafin riba ko albashi, tana da sauƙin gwaji. Ana rubuta wata manhaja ta riƙa ba ta tambayoyi dubu-dubu tana duba amsa, dare da rana, ba tare da hannun mutum ba. Ana ma iya ƙirƙirar kwamfutoci na kwaikwayo ɗari a cikin babbar kwamfuta guda a yi gwajin a lokaci ɗaya. Direban Wi-Fi bai yarda da wannan sauƙi ba, saboda dalilai 5.

Na ɗaya, dole ne a sami ainihin katin a hannu. Ana iya kwaikwayon rediyo a cikin manhaja, amma kwaikwayo yana bin ƙa'ida ne yadda aka rubuta ta, ita kuwa ƙwayar gaske tana da nata halaye da ba su cikin littafi. Kowane iri na kati yana bukatar kwamfutarsa, da mazauninsa, da makunnin da za a iya kashe shi daga nesa idan ya daskare.

Na biyu, iska ba ta tsayawa wuri ɗaya. Idan aka yi gwaji a fili, sakamakon yau ba zai yi daidai da na gobe ba, domin na'urorin maƙwabta suna shiga ciki. Idan kuma aka sa na'urar a cikin akwatin ƙarfe mai tare hayaniyar waje, kamar yadda ɗakunan gwaji ke yi, sakamako zai daidaita, amma an kore ainihin abin da ke ta da matsalar a kasuwa.

Na uku, yawan haɗe-haɗe ya fi ƙarfin kowa. Mu ƙaddara akwai kati iri 50, da rauta iri 20, da zubin babbar manhaja 5, da yanayin wuta 2, wato batir da soket. Idan aka ninka su, an sami haɗi 10,000, ba a ma sa zafi ko nisa ko cunkoso a lissafi ba.

Na huɗu, wasu aibobi suna gudu idan an zuba musu ido. Da yawa daga cikinsu sun danganta ne da abubuwa biyu da suka faru a tsakanin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Da zarar injiniya ya kunna manhajar da ke rubuta duk abin da ke faruwa, sai tafiyar na'ura ta ɗan sauya, aibin ya ɓace. Masanin kwamfuta Jim Gray ya yi bayanin irin wannan aibi a wani nazari da ya yi a shekarar 1985 yana kamfanin Tandem, inda ya nuna cewa mafi yawan kurakuran manhaja da suka rage a na'urorin da ke bakin aiki irin waɗanda ba sa maimaituwa ne idan an sake gwadawa. Kamar marar lafiya ne da zazzaɓinsa ke sauka da ya shiga ofishin likita.

Na biyar, gwajin kansa yana yin ƙarya. A shekarar 2016 wani injiniyan kamfanin Google ya bayyana cewa kusan kashi 16 cikin 100 na gwaje-gwajensu suna ba da amsa biyu a kan abu ɗaya, yau su ce ya ci, gobe su ce ya faɗi. Idan haka ta yi yawa, ma'aikata sukan saba da sake gwaji har sai ya ce ya ci. To, aibi mai zuwa jefi-jefi kamanninsa ɗaya da gwaji mai ƙarya, don haka sau da yawa akan share shi tare da su.

Ba wai ba a ƙoƙari ba ne. Ƙungiyar Wi-Fi Alliance tana ba da shaidar jituwar na'urori tun daga shekarar 2000. Microsoft yana da tsarin gwada direbobi kafin ya sa musu hannu. Masu kula da Linux suna da shirin KernelCI, wanda ya fara a shekarar 2014 ya koma ƙarƙashin Gidauniyar Linux a shekarar 2019, inda ɗakunan gwaji a ƙasashe dabam-dabam ke ɗora kowane sabon zubi a kan na'urori na gaske. A Nijeriya kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, tana tantance nau'in na'urar sadarwa kafin a sayar da ita. Dukkan waɗannan suna da amfani, kuma kayan da ke da shaidarsu sun fi waɗanda ba su da ita. Sai dai babu ɗaya daga cikinsu da ke alkawarin cewa wannan kwamfuta za ta zauna lafiya da wancan rauta a shagon kwano, a kan janareto, a watan Afrilu.

LISSAFIN DA YA KAMATA KOWANE MAI SAYE YA SANI

Mu ƙaddara wata kwamfuta tana kasa haɗuwa da Wi-Fi sau 1 a cikin kowane haɗi 100. Mai saye ya je kasuwar Banex da ke Wuse a Abuja, ko kasuwar Farm Centre a Kano, mai shago ya gwada masa sau 5. Bisa ƙa'idar lissafi, damar da kwamfutar ke da ita ta tsallake gwajin nan ba tare da aibinta ya fito ba ta kai kashi 95 cikin 100. Idan aka gwada sau 10, damar ta koma kashi 90. Ko da an gwada sau 100, har yanzu tana da kashi 37 na tsallakewa. Sai an kai gwaji 300 kafin damar ɓuyarta ta sauko zuwa kashi 5.

Yanzu a kawo kwamfutar nan shago a Paikon Kore, inda tsakanin barci da farkawa da sauyin wuta take sake haɗuwa sau 40 a yini. A wata ɗaya an yi haɗi 1,200, ke nan za ta yanke kimanin sau 12. Mai sayarwa bai yi ƙarya ba da ya ce ya gwada, mai saye ma bai yi ƙarya ba da ya ce ba ta aiki. Daga nan ne rigingimu da yawa ke tasowa tsakanin mutanen da kowannensu gaskiyarsa yake faɗi.

Wannan lissafi ne kuma ya ɗaure kamfanoni. Aibin da ke fitowa sau 1 cikin 1,000 yana bukatar gwaji kimanin 3,000. Idan kowane gwaji yana cin minti 2, an tafi awa 100 a kan haɗi guda. A ninka da haɗi 10,000 da muka ambata, an sami awa miliyan 1, wato fiye da shekara 114 a kan teburin gwaji ɗaya. Shi ya sa kamfanoni ke zaɓen haɗe-haɗen da suka fi yawa a manyan kasuwanninsu su gwada, sauran kuwa sai masu saye su gano da kansu.

Haka nan lissafin ya shafi gyara. Idan mai gyara ya taɓa na'ura ya gwada sau 10 ya ce ta warke, bai tabbatar da kome ba tukuna, domin ko bai taɓa ta ba, sau 9 cikin 10 za ta ci wannan gwaji.

YADDA ZA A GANO INDA MATSALAR TAKE

Kafin a kashe ko sisi, wajibi ne a raba laifi, domin kalmar "ba sabis" tana rufe abubuwa dabam-dabam. A ranar 14 ga watan Maris na shekarar 2024 wayoyin sadarwa na ƙarƙashin teku sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni a Nijeriya suka shiga wahala. Duk wanda ya sauya kati ko rauta a ranar ya yi asarar kuɗinsa ne kawai. Ga matakan da za a bi:

1. A buɗe littafi. Duk lokacin da sadarwa ta yanke a rubuta rana da sa'a, da irin wutar da ake kai, da aikin da ake yi, da abin da aka yi ta dawo. Cikin mako 2 sau da yawa tsari yakan bayyana.

2. A duba sauran na'urori a daidai lokacin. Idan duka sun yanke, laifin rauta ne ko na kamfanin sadarwa. Idan ɗaya ce kawai, laifin yana cikinta.

3. A haɗa kwamfutar da rauta ta waya na kwana biyu ko uku. Idan matsalar ta ɓace, an san tana ɓangaren Wi-Fi.

4. A soka ƙaramin katin Wi-Fi na USB na wani kamfani dabam. Idan aka zauna lafiya, katin ciki ne ko direbansa.

5. A hana katin barci, ta hanyar sauya tsarin tattalin batir zuwa cikakken aiki.

6. A kwamfutar Windows, umarnin netsh wlan show wlanreport yana fitar da rahoton duk haɗuwa da yankewar Wi-Fi na kwana 3 da suka wuce. Wannan rahoto shaida ce da za a nuna wa mai gyara ko mai sayarwa.

7. A sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya sauya direba da rauta da mazaunin tebur a rana guda ba zai taɓa sanin wanda ya yi magani ba.

SHARUƊƊAN SAYE DA KIYAYE CINIKI

Tun da gwajin shago ba ya isa, abin da ya rage wa ɗan kasuwa shi ne ya mayar da lokacin gwaji cikin yarjejeniyar ciniki. Masu cinikin shanu sun daɗe da sanin ɓoyayyen aibi, wanda ba ya fitowa a kara sai dabba ta kwana a gida, shi ya sa suke ciniki a gaban dillali da shaidu. Haka ya kamata a yi wa na'ura. A nemi garanti a rubuce a kan rasidi, na aƙalla mako 2, a kuma ambaci yankewar Wi-Fi da sunanta a cikin abubuwan da za su sa a mayar da kaya. A rubuta lambar kwamfutar da sunan katin da ke cikinta. Dokar kare haƙƙin masu saye ta shekarar 2018 ta ba da damar mayar da kaya masu aibi, hukumar FCCPC kuma tana karɓar ƙorafi, amma wanda ba shi da rasidi da littafin shaida ƙararsa ba ta da ƙafa.

Wanda zai sayi na'urori da yawa, kamar mai buɗe cibiyar jarrabawa ko ofishin ƙungiyar makiyaya, ya fara sayen ɗaya ko biyu ya yi aiki da su a wurinsa, a kan wutarsa, da rautansa, kafin ya biya kuɗin sauran. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin da ke da amfani shi ne wanda aka yi a inda kayan za su zauna. Mai sayen tokumbo kuma ya tuna cewa Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 tun ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, kuma masu ƙera ƙwayoyi sukan daina gyara direbobin tsofaffin katuna bayan wasu shekaru.

Game da sabunta manhaja, bai kamata a daina ta ba, domin ita ce ke toshe ƙofofin ɓarayi. Abin da ya dace shi ne a tsara lokacinta. Windows yana ba da damar dakatar da sabuntawa har zuwa mako 5, yana kuma ba da damar komawa tsohon direba idan sabon ya kawo matsala. Kada a bari na'ura ta sabunta kanta a jajibirin ranar kasuwa ko a makon rajistar jarrabawa, kuma wanda ke da kwamfutoci da yawa ya fara da ɗaya ya jira kwana biyu.

Duk na'urar da ba ta motsi daga teburinta, a haɗa ta da waya, domin waya ba ta san cunkoson iska ba. A sa wa rauta ƙaramin batir don kada ya mutu a lokacin sauya wuta, a ɗora shi a sama inda iska ke kaɗawa, nesa da kwano da firji. Mai POS ya tanadi hanya ta biyu, ko layin wani kamfani ko na'ura ta biyu. Idan an cire kuɗin abokin ciniki ba su shigo ba, a adana takardar da na'ura ta fitar. A shekarar 2020 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su warware irin wannan taƙaddama ta POS cikin awa 72.

A ƙarshe, ɗan kasuwa ya sa wannan a cikin lissafin jarinsa: kuɗin na'ura bai tsaya ga abin da aka biya a shago ba, ya haɗa da sa'o'in da za ta tsaya da abokan cinikin da za su tsallaka shagon gaba. Mako 2 na gwaji da littafi na Naira kaɗan sun fi araha a kan shekara guda ta jayayya da mai sayarwa.